Seliyak: cutar da alkama ke tayarwa, da yadda mai ita zai ci abinci a Damagaram

Akwai wani irin yaro da ma'aikatan asibiti suka saba gani. Yana kan nono lafiyarsa ƙalau, ɓul-ɓul da shi. Aka yaye shi, ya shiga cin abincin gida: shayi da burodi da safe, taliya da rana, biskit a hannu don ya yi shiru. Bayan 'yan watanni sai zawo ya sa shi gaba, kashi mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da warin da ya wuce kima. Ciki ya kumbura, ɗuwawu ya motse, ƙafafu suka sirance, ga rigima ga ƙin wasa. A gida za a ce haƙori ne, ko shawara, ko ya sha nonon ciki. A asibiti za a fara da tsutsar ciki da tamowa, kuma galibi hasashen asibitin ne daidai, don su ne suka fi yawa a ƙasar nan. Amma cikin irin waɗannan yara akwai 'yan kaɗan da ba rashin abinci ke cin su ba. Abincin ne da kansa, kuma iri ɗaya tak daga cikinsa, wato alkama.

Cutar sunanta seliyak, likitocinmu kan rubuta ta a takarda da Faransanci, maladie cœliaque. A cikin ƙwayar alkama akwai wani sinadari mai gina jiki da ake kira guluten. Shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya ja, ya riƙe iska har burodi ya tashi, kuma rashinsa ne ya sa garin hatsi zalla, wato gero, ba ya yin burodi. Akwai shi a sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da Faransawa ke kira seigle. Yawancin mutane suna cin guluten ya wuce ba abin da ya same su. Amma kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, garkuwar jikinsa tana ɗaukar guluten a matsayin abokin gaba, kuma garin faɗa da shi sai ta ɓarnata bangon hanjin mai ita.

A nan ne duk matsalar take. Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Shimfiɗe yake da wasu 'yan tsirrai ƙanana rututu, kamar gashin sabon tawul, kuma su ne suke tsotse amfanin abinci su kai shi jini. Seliyak takan cinye su har bangon ya koma kamar tsohon tawul da ya sule, wanda ko an goga shi a jiki ba ya shan ruwa. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, abincin ya bi ta cikinsa ya fita, jiki bai samu rabonsa ba. Ɓarnar ta fi tsanani a farkon hanji, daf da tumbi, kuma daidai nan ne jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe na yin jini da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Shi ya sa ƙarancin jini yake cikin manyan alamunta.

Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba wai fulawar ce ta lalace ko aka sa mata wani abu ba. Alkamar lambu da aka daka a turmi ma haka za ta yi masa. Ta bambanta da borin jini na alkama, wanda ke fitowa nan take da ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi. Seliyak a hankali take aiki, kuma tana da tushe a gado. Kusan duk mai ita yana ɗauke da ɗaya daga cikin wasu ƙwayoyin halitta biyu, HLA-DQ2 ko HLA-DQ8. Sai dai ɗaukar su ba shi ne kamuwa ba: a Turai wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'a suna da su, amma 'yan ƙalilan ne cutar ke bayyana gare su. Abin da ya shafi iyali kai tsaye shi ne, idan an tabbatar da ita ga mutum, iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 ana samun su da ita, ko da ba sa kukan komai.

Likitoci sun daɗe da sanin ciwon kafin su san mai tayar da shi. Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya siffanta shi dalla-dalla a 1888, har ya ce in da magani to a abinci yake, amma bai kama alkama ba. Wanda ya kama ta likitan yara ne na ƙasar Holan, Willem Dicke. Ya jima yana zarginta, sai yunwar da ta faɗa wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ta ƙarfafa masa hujja: burodi ya yi wuya, mutane na ramewa, amma yaran da ke fama da wannan ciwo suna murmurewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. Ya rubuta bincikensa a 1950, kuma har yau maganin da ya nuna shi ne magani.

An daɗe ana ɗauka cutar Turawa ce. Abin da ya rushe wannan zato daga hamadarmu ya fito. A 1999 wani likitan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a ƙasar Aljeriya. Suka samu kashi 5.6 cikin 100 suna da alamar cutar a jini, ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Mutane ne masu yawan waccan ƙwayar halitta, sannan zaman sansani ya mai da garin alkama babban abincinsu na kullum. A Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Sudan ma cuta ce da likitoci suka sani sarai.

Wannan labari ya kamata ya sa mu duba tukunyarmu. Kakanninmu a Birni da Zango, unguwannin Damagaram, sun san alkama, amma abincin alfarma ce: alkaki, fankasau, abin biki da salla da tarbar baƙo. Abincin yau da gobe hatsi ne da dawa, tuwo da dare, fura da rana, koko da safe. Wanda Allah ya halitta da wannan rauni a wancan zamani zai iya tsufa bai sani ba. Yanzu kuwa a shiga kasuwar Dole a ga buhunan fulawa da katan-katan na taliya da makaroni, wasu daga Nijeriya, wasu ta hanyar Agadas. Ba laifin matan gida ba ne. Taliya minti kaɗan ta nuna, ba surfe, ba daka, ba ta cin itace da gawayi kamar tuwo. Amma sakamakon shi ne yaron birni na yau yana iya cin alkama sau uku a yini, abin da kakansa ba ya yi a wata.

Ga manya kuma cutar ba kasafai take zuwa da zawo mai tsanani ba, shi ya sa take ɓuya. Mace ce za ta yi shekaru tana shan maganin ƙarin jini, jinin bai ƙaru ba. Ko magidanci mai kumburin ciki da yawan iska da kasala, an yi masa maganin olsa, an yi na taifot, ya sha jiƙon basir har ya gaji. Wasu ma ba zawo suke yi ba, cikinsu ɗaurewa yake. Akwai yarinyar da tsararrakinta suka girma suka bar ta, al'ada ta yi jinkiri. Akwai ɓari a kai a kai, da jinkirin haihuwa, da ciwon ƙashi, da gyambon baki mai tafiya yana dawowa, da wasu ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayin tsiya a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ɗuwawu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da dalilai goma da suka fi seliyak yawa a wajenmu. Ƙarancin jini kaɗai, ga zazzaɓin cizon sauro, ga sikila, ga haihuwa kusa-kusa. Abin da ke sa a yi zarginta shi ne a yi maganin abin da aka saba, a yi shi daidai, amma ciwo ya ƙi tafiya. Masu ciwon suga irin na yara, wanda ake yi wa allurar insulin, da masu wasu cututtukan maƙoƙo, sun fi sauran mutane haɗarin samun ta.

Akwai wata alama da ta dace da ƙasarmu musamman. Abincin leda da ake bai wa yara masu tamowa, Plumpy'Nut, gyaɗa ce da madara da sukari da mai, babu alkama a ciki. Yaro mai seliyak in aka sa shi a kai zai murmure da kyau, a sallame shi, ya koma gida ya koma wa burodi da taliya, bayan 'yan watanni a sake kawo shi a rame. Sau da yawa talauci ne ke mai da yaro, wannan ba a musu. Amma idan gidan ba su rasa abinci ba, yayyensa da ƙannensa duk garau, shi kaɗai ke zuwa yana dawowa, to ya cancanci a tambayi abin da yake ci, ba yawan abin da yake ci kawai ba.

Tabbatar da cutar mataki biyu ne. Na farko gwajin jini, ana neman wani sojan garkuwar jiki da ake kira tTG-IgA, kuma ana haɗawa da awon IgA gaba ɗaya, wato duk sojojin irinsa da ke cikin jini, don wasu mutane jikinsu ba ya yin isasshensa, sai gwajin ya nuna lafiya alhali ba lafiya. Na biyu fibroskopi: a zura siririn bututu mai kyamara ta baki har farkon hanji, a tsinko 'yan mitsi-mitsin nama a duba a madubin likita. Ga yara, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai ta fitar a 2020 ta yarda a tsallake tsinkar naman idan sakamakon jini ya kai ninki 10 na iyakar lafiya, kuma wani gwajin jini na biyu ya gaskata shi. A wajenmu gwajin jinin yana da nauyi na musamman, domin sulewar bangon hanji kaɗai ba hujja ba ce: ƙwayar jiyardiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, da yawan ciwon ciki na ƙuruciya, da tamowa kanta, duk suna iya sule shi. Likitan da ke duba mutum, a babban asibitin ƙasa na Zinder ko wani wuri, shi zai faɗi inda za a kai jinin, ko a nan, ko Yamai, ko Kano.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wayar hannu ta ƙara yawaita shi, shi ne mutum ya karanta alamu, ya ce ai ni ne, ya bar alkama, sannan ya je gwaji. Da zarar an daina cin guluten sojojin nan suna raguwa a jini, hanji ya fara warkewa, gwaji ya fito babu komai. Daga nan sai dai likita ya sa shi ya koma cin alkama na makonni a sake, ga wahala ga asarar kuɗi. Gwaji tukuna, ƙauracewa daga baya. Kuma jin sauƙi bayan barin burodi ba shaida ba ce, don akwai masu kumburin ciki da alkama ke dama wa lissafi ba tare da tana cin hanjinsu ba. Waɗannan ragewa ta ishe su. Mai seliyak kuwa hukuncinsa na har abada ne, bai kamata mutum ya yanke wa kansa ko ɗansa shi a kan zato ba.

To an tabbatar. Me za a ci? A nan mutumin Damagaram ya fi na Faransa sa'a nesa ba kusa ba. Bafaranshe in an hana shi alkama an rushe masa kicin gaba ɗaya. Mu kuwa tuwon hatsi da na dawa da na masara da na shinkafa duk halal ne gare shi, da miyar kuka, da kuɓewa, da taushe. Fura da nono, gumba, koko, kunun tsamiya, dambun masara da zogale, burabuskon hatsi, shinkafa da wake, garin rogo, dankali, gurjiya, gyaɗa, dabino, nama, kifi, ƙwai, babu guluten ko ɗaya a asalinsu. Ba ya bukatar burodin kwali mai tambarin sans gluten da ake shigowa da shi da tsadar gaske. A ganina kuɗin nan gara a sa shi a nama da wake da ganye, su ne jikin da ya daɗe yana asara yake nema.

Abin da za a bari a fili yake: burodi, gurasa, fanke, cincin, dubulan, biskit, kek, fankasau, wainar fulawa, taliya da makaroni da indomi, kuskus na kwali, da tuwon semo, wanda mutane da yawa ba su san alkama ce ba. Lemon malta ma ya shiga, saboda sha'ir. Da kuma alkaki, wanda ga ɗan garin nan shi ne mai zafin.

Amma ba waɗannan ne ke kayar da mutane ba. Abin da ke kayar da su shi ne cokalin fulawar da ba a gani. Ɗan wake, da yawa yanzu da fulawa ake haɗa garinsa, wasu ma ita ce ta fi yawa. Mai waina takan zuba 'yar kaɗan a ƙullu don ya kama jikinsa. Ana barbaɗa ta a kifi kafin a soya, ana ɗaure miya da ita, wasu suna sa alkama a kunun gyaɗa. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya akwai alkama a cikinsu, wasu babu, sai an karanta. Daddawa da gishiri da kayan yaji na gida sun fi kwanciyar hankali. A jikin kaya a nemi blé, froment, semoule, orge, seigle da malt in Faransanci ne, wheat da barley in daga Nijeriya kayan suka zo. Ƙa'idar duniya ta Codex ta ce ba a kiran abu marar guluten sai in bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba.

Wannan adadi ya nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna miligiram 50 na guluten a kullum, tsawon wata uku, ya isa ya taɓa bangon hanjin mai cutar. Miligiram 50 bai kai abin da ke cikin giram ɗaya na fulawa ba, ɗan abin da za a ɗebo da yatsu biyu. Saboda haka maganar ta wuce sinadaran girki ta koma kan kayan aiki. Injin niƙa na unguwa da ya gama niƙa alkamar wata, ya karɓi hatsinka, ya ba ka gari mai guluten. Mafita ita ce a daka a gida, ko a yi magana da mai inji a san lokacin da ya share shi, a bar mudun farko ga sauran mutanen gida. Man da aka soya fanke a ciki aka jefa ƙosai ya gurɓata ƙosan. Haka wuƙar mai nama da ta tsaga burodi ta yanka tsire, da rariyar da ake tankaɗe da ita, da matsamin taliya, da muciya. A ware wa mai cutar rariyarsa da matsaminsa, sauran a wanke da sabulu sosai. Cin kwano ɗaya ba matsala in tuwo ne. In kuwa ana tsoma burodi a romo, a zuba masa nasa daban tun kafin a fara.

Sai abin da babu gwajin da ke auna shi, wato kara. Mu mutane ne da ƙin cin abincin wani yake kusa da zagi. Ka je gaisuwa, gwaggo ta kawo alkakin da ta ajiye maka tun salla, ta ce, "Haba ɗan nan, guda ɗaya me zai yi maka?" Amsar da ta fi aiki gajera ce kuma ba ta sauyawa: "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ya hana ni alkama, ko kaɗan sai na kwanta. In da fura ki dama mini." An ƙi abu an nemi wani, zumunci bai taɓu ba. Haka wajen mai waina, tambaya ce cikin ladabi: "Hajiya, akwai fulawa a ƙullun nan? Don ciwo nake tambaya." Wanda ya ci yau don kunya ya ƙi gobe, shi ya koya wa dangi cewa abin iyayi ne.

Amarya mai wannan cuta ta fi kowa bukatar a yi mata shimfiɗa. A gaya wa miji da uwar miji tun kafin a kai ta, ba sai ta ƙi cin abincin gidan an fara cewa raini ne ba. Kuma a gaya musu sauran gaskiyar: in ta kiyaye abincinta, ciki da haihuwa da shayarwa duk kamar kowace mace. Yaro ɗan makaranta a riƙa sa masa abin taɓawa daga gida, gyaɗa ko dabino ko dafaffen ƙwai, don kuɗin da aka ba shi a biskit da fanke za su ƙare. Yaron da aka tabbatar yana da ita kuwa, tura shi almajiranci wani gari, inda abin da aka zuba masa a kwano shi zai ci, jefa shi ne cikin ciwo. Ya yi karatunsa a gaban iyayensa.

Sauƙi yakan fara cikin makonni: zawo ya tsaya, ciki ya sace, cin abinci ya dawo, yaro ya fara wasa, daga baya ya kamo tsararrakinsa a tsawo in an gano da wuri. Hanjin kansa ya fi jinkiri. Na yara yakan warke cikin watanni zuwa shekara, na manya yana iya kai shekara biyu ko fiye. A farkon lokacin wasu ɗanyar madara takan dame su, don hanjin da ya sule ba ya narka sukarin madara. Nono mai tsami ya fi sauƙi, kuma yawanci abin yana wucewa. Likita kan ƙara da maganin ƙarin jini da na ƙashi gwargwadon abin da awo ya nuna.

Wannan sauƙin shi ne tarko na ƙarshe. Mutum ya ga ya yi ƙiba, ya ɗanɗana burodi bai ji komai ba, ya ce ya warke. Bai warke ba. Ba a girma a bar seliyak, babu allura ko ƙwaya ko sassaƙen da ke kawar da ita, kuma hanji yana iya ci gaba da lalacewa ba tare da ciwon ciki ba, har sai ya fito ta ƙarancin jini, ko ƙashi mai saurin karyewa, ko, ga 'yan kaɗan, wani nau'in sankarar hanji. Shi ya sa ake maimaita gwajin jinin bayan wata shida zuwa shekara, sannan lokaci-lokaci. In adadin yana sauka, abincin yana tafiya daidai. In ya ƙi sauka alhali mutum ya rantse ba ya cin alkama, galibi tana shigowa ne ta wata kafa, sai a zauna da mai girkin gidan a bi abincin mako guda ɗaya bayan ɗaya, a fara da inda ake niƙa da man da ake suya.